Daga Alkuki Zuwa Fitila Mai Kunna Kanta

Fitila mai kunna kanta ita ce wadda ba ta jiran hannun kowa. Wata da faɗuwar rana take kamawa, wata sai ta ji motsi kusa da ita, wata kuwa daga wayar salula ake ba ta umarni, ko da mai gidan yana wani gari. A unguwannin Kano, Kaduna, Sakkwato da Maraɗi, ta biyun ce ta fi yawa: ɗan akwatin roba kafe a saman ƙofar gida ko a bangon makewayi, da farantin sola a kansa, da wani farin ƙulli a ƙasansa. Da mutum ya doso sai haske ya tashi, ya wuce da 'yan daƙiƙoƙi sai ya mutu. Zuwanta ya ƙarasa wani aiki da ya daɗe yana ja da baya a gidajen Hausawa, wato kunna fitila da magariba. A gidajen birni da yawa yau babu wanda aka ɗora wa wannan aikin, kuma akwai yaran da suka girma ba su taɓa riƙe lagwani ba.

Kafin kananzir, fitilar gida kasko ce, na yumɓu ko na ƙarfe. A zuba man gyaɗa ko man kaɗe, a murza auduga ta zama lagwani, a kwantar da shi a bakin kaskon. Magina sukan bar mata gurbi a jikin bango, shi ne alkuki. Har yanzu a tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birnin Kano, Zariya da Damagaram ana ganin gurbin, samansa baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, sai dai yanzu makulli ko cajar waya ake ajiyewa a ciki. Wutar da za a kunna ta ma sai an nemo, daga murhu idan bai mutu ba, ko a aiki yaro maƙwabta da sakaina ya ɗebo garwashi. Ashana da kananzir sun yawaita ne ta hannun kantunan Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Kananzir ya zo da fitila iri biyu. Aci-bal-bal ta gwangwani ce, ba ta da murfi, harshenta na rawa da iska yana tofar da baƙin hayaƙi. Ita ce ta masu talla da masu tuyar ƙosai, ita ce ke jere a kasuwar dare. Ta cikin gida kuwa fitilar ƙwai ce, kuma tana da hidima. Tun la'asar sakaliya ake farawa. A ɗaga marfin sama, a zaro ƙwan a hankali, a hura masa numfashi, a goge baƙin jiya da tsumma, wani lokaci da ɗan toka. A datse kan lagwani da reza domin harshen wutar ya fito daidai, don in ya karkace sai ya yi ƙaho ya ɓata ƙwan tun kafin isha'i. A kwance murfin tanki, a sa mazurari, a zuba kananzir ɗin da aka sayo a kwalbar lemo, a girgiza a ji nauyinta. Yaron da ya fasa ƙwai ya san abin da ke jiransa. Wanda ya tsage kawai ba a yar da shi, takarda ake liƙa masa, ya ci gaba da aiki har takardar ta babbake. Warin kananzir ɗin kuwa yana nan a hannun yaro har cikin kwanon tuwo.

Da yake gida guda fitila ɗaya ce ko biyu, dole aka yi mata tsari. Ta fara zuwa madafa a kwashe tuwo, ta koma wurin mai gida, daga nan ta faɗa hannun ɗalibin da ke da aikin makaranta, kuma duk wanda ke son haske sai ya matso inda take. Mai zuwa makewayi sai ya ara, sauran su zauna a duhu su jira dawowarsa. "A rage fitilar nan" magana ce ta kowane dare, domin kananzir kuɗi ne. Ba a kuma kwana da ita a kunne. Dattawa sun riƙe wannan da ƙarfi, suna kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi umarni a kashe fitilu lokacin kwanciya saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida. A ɗakin jinka, cikin hunturu, ba a buƙatar dogon bayani kan hikimar hakan.

Ƙarancin haske ya sa mutane sanin wata. Ko yarinya ƙarama ta san dare nawa ne ga wata, domin da shi ake sanin ko yau akwai gaɗa a dandali. Idan ya kai sha uku, sha huɗu, sai a kashe fitila a huta da sayen mai, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Idan ya yi duhu kuwa kowa ya shige da wuri, a ce dare mahutar bawa.

Sai dai wannan haske ƙanƙane ne ƙwarai. Ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800 a ma'aunin ƙarfin haske, fitilar ƙwai kuwa, ko sabon lagwani aka sa mata, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba, aci-bal-bal ma ba a maganarta. Ɗalibi sai ya kusan sa hancinsa a takarda, ya tashi da jajayen idanu da baƙi a ƙofar hanci. Hayaƙin yana sauka a huhun mata da jarirai a ɗakin da ba taga. Gobara ta ci rumbuna da rayuka, kananzir da aka gauraya da fetur ya sha fashewa a fuskar mai kunnawa, yara sun sha kurɓar kananzir daga kwalbar lemo suna zaton ruwa ne. Kunama da maciji kuma suna da rabonsu a hanyar makewayi. Duk mai kewar fitilar ƙwai, yawanci ba shi ne ya yi jinyar wanda ta ƙona ba.

Lantarki ya iso Najeriya da wuri, domin tun 1896 aka kafa injin farko a Legas, amma ya daɗe bai wuce barikin Turawa da manyan ma'aikatu ba. Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, inda Kano, Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Sunaye sun yi ta sauyawa, amma bakin jama'a bai bar Nepa ba. Abin da lantarki ya kawo cikin ɗaki shi ne makunni a jikin bango, wanda ya mayar da hidimar la'asar ta zama taɓawa ɗaya da yatsa. Bai dai kori fitilar ƙwai ba, domin wutar zuwa take yi ta koma. A nan ne aka koyi wata al'ada da babu ita a ƙasashen da aka ƙirƙiro ƙwan: a bar makunni guda a kunne, don a san lokacin da aka kawo wuta. Da ƙwan nan ya haska sai ihun yara ya cika unguwa, a ruga guga da cajin waya da tayar da famfo.

Wadda ta kori kananzir daga gida ita ce fitilar LED. Ta samu ne bayan Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, 'yan asalin Japan, sun gano yadda za a samar da shuɗin haske mai ƙarfi daga ɗan ƙwayar lantarki a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin ake samun fari. Ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yana ba da hasken da tsohon ƙwai ke bayarwa da wat 60, kuma yana iya yin sa'o'i 15,000 ko fiye, alhali tsohon bai cika wuce 1,000 ba. Wannan ƙarancin cin wuta shi ne ya buɗe ƙofar komai. Batir ƙarami ya isa ya riƙe haske har asuba, farantin sola mai faɗin tafin hannu ya isa ya cika batirin. Masana'antun Sin suka yi ta kwararo da su, suka cika Kasuwar Sabon Gari, daga can suka bazu kasuwannin ƙauye, a daidai lokacin da kuɗin kananzir ya fi ƙarfin talaka. Mai shayi da mai tsire sun rataye tasu tun kafin masu gidan bene su waye da ita.

Na'urar jin motsin da ke jikin waɗannan fitilu ba ta gani kuma ba ta jin sauti, zafi take bi. Jikin mutum yana fitar da zafinsa ta wani irin haske da ido ba ya kamawa, wanda ake kira infirared. A cikin na'urar akwai ƙwaya mai gida biyu. Muddin zafin da ke isa gidajen biyu daidai yake, ba abin da zai faru. Idan jiki mai ɗumi ya gitta, sai zafinsa ya riga isa gida ɗaya kafin ɗayan, wannan bambancin ya haifar da ɗan lantarkin da ke tayar da fitila. Farin ƙullin da ake gani a waje gilashin roba ne mai tsaga-tsaga, a kan fasahar da Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙirƙiro a shekarun 1820 domin fitilun gaɓar teku masu yi wa jiragen ruwa jagora. Shi ke yanyanka filin gaban fitilar gida-gida, ta yadda ko taku biyu mutum ya yi ya tsallaka daga wani gida zuwa wani. Shi ya sa ta fi saurin kama mai gittawa a kan wanda ya doso ta kai tsaye. Yawancinsu suna ji daga mita 5 zuwa 12. Akwai kuma wata ƙwayar mai auna hasken gari, wadda ke hana fitilar tashi da rana. Masu ɗan tsada suna zuwa da maɓallai uku: na tsawon lokacin da za ta zauna a kunne, na nisan ji, da na yawan duhun da za ta jira.

Wannan tsarin yana da halayensa a ƙasar Hausa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, bango da ƙasa suna riƙe zafi har bayan isha'i, sai bambancin da ke tsakanin jikin mutum da abin da ke bayansa ya ragu, na'urar ta yi sanyin ji, mutum ya zo dab da ita kafin ta farga. Cikin hunturu jinta ya fi kaifi, amma ƙura na rufe farantin sola, batir ya kasa cika, fitilar ta mutu tun tsakar dare in ba a samu mai gogewa ba. Ba ta kuma bambanta mutum da dabba. Gidan da ke da awaki a tsakar gida ko kyanwa mai bin katanga zai kwana fitila na kamawa tana mutuwa. Mafi ban takaici shi ne yadda take yi wa mai natsuwa. Wanda ya zauna yana tilawa ko lazimi, ko ya tsuguna a makewayi, da ya daina motsi sai ta ɗauka ya fita, ta bar shi a duhu yana kaɗa hannu sama. Akwai sababbi masu aiki da rada, waɗanda ke kama har motsin numfashi, amma sun fi tsada kuma wasunsu kan ji motsi ta bayan ƙofa ko siririn bango.

Ƙwan fitila mai karɓar umarni daga waya wani mataki ne daban. Tunanin tsoho ne: tun 1975 wani kamfani a Sukotland ya fito da tsarin X10, mai aika umarni ta cikin wayoyin lantarkin gida. Amma ya shiga hannun jama'a ne a 2012, lokacin da Philips ya fitar da Hue, ƙwai uku da akwatin haɗi a kan dala 199. A cikin kowane ƙwai akwai 'yar kwamfuta da rediyo. Wasu da Wi-Fi suke magana, wasu da Bluetooth, wasu da Zigbee, tsarin da kowane ƙwai ke miƙa saƙo ga na kusa da shi har ya kai na ƙarshen gida. Ta manhajar waya ana rage haske ko ƙara shi, a sauya launi, a tsara cewa na falo ya kama da faɗuwar rana, na ɗakin yara ya dusashe da ƙarfe tara, na baranda ya tashi idan na'urar ƙofa ta ji motsi. Da farko kayan kowane kamfani ba sa jituwa da na wani, sai a 2022 Apple, Google, Amazon, Samsung da wasu suka fito da Matter, ƙa'ida guda da kowa zai bi.

An ƙera wannan ƙwan ne domin gidan da wuta ba ta yankewa, inda damuwar mutum ita ce mantawa da fitila a kunne ko ƙyuyar tashi daga kujera. Damuwar Arewa daban take. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati kwata-kwata, a Nijar kuwa masu ita ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Masu ita ma sun ga abin da ya faru a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, da kuma Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layuka, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta bar yawancin jihohin Arewa a duhu fiye da mako guda. Ƙwai mai karɓar umarni yana buƙatar a bar makunninsa na bango a kunne dare da rana, yana shan kusan rabin wat ko yana kashe, domin rediyonsa na sauraro. Idan yaro ko baƙo ya kashe makunnin bisa sabo, waya ba ta da sauran iko da shi. Da yawa daga cikinsu kuma, idan wuta ta yanke ta dawo, da cikakken haske suke tashi, don haka in an kawo ta ƙarfe uku na dare sai gida ya wayi gari kafin asuba. Daga baya kamfanoni sun ƙara zaɓin gyara hakan a manhaja, amma sai mai gida ya san da shi. Ga hawa da saukar ƙarfin wuta mai ƙone kayan ciki, ga kuɗin data, ga manhajojin jin murya, Alexa da Siri, da ba sa karɓar umarni da Hausa, ta yadda kaka ba ta iya kashe fitilar ɗakinta sai ta kira jika. Wasu ƙwayayen ma sai umarnin ya je kwamfutocin kamfani a wata nahiya ya dawo. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe nasa kwamfutocin ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki. Saboda haka irin wannan ƙwan ya tsaya a gidajen masu inbata da manyan batura, fitilar sola mai jin motsi kuwa, wadda ba ruwanta da Nepa ko intanet, ta shiga har rugage.

Amfaninta a fili yake. Tsohon da ke fita alwala kafin asuba ba ya laluben tocila, ba ya tuntuɓe da buta. Mace mai goyo da kwano a hannu ba ta neman makunni da gwiwar hannu. Inda batir ke riƙe gida, fitilar da ke kashe kanta tana ƙara wa fanka sa'o'i, kuma tun da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, lissafin ya shafi masu mita ma. Ga tsaro: Hausawa sun ce dare rigar mugu, kuma hasken da ya tashi ba zato yana tuɓe wa mai haura katanga rigar. Sai dai idan akuya ta saba tayar da fitila sau goma a dare, mutanen gida sukan daina leƙawa, ranar da mutum ne ma ba wanda zai motsa.

Abin da ya ragu ya fi wuyar aunawa. Fitilar da hannu ya kunna labari take bayarwa. Haske a zaure yana nufin mai gida na nan, ana iya yin sallama. Haske a ɗakin tsohuwa a tsakar dare yana nufin ko tana nafila ko ba lafiya, sai a je a duba. Fito wa baƙo da fitila, a raka shi da ita har bakin hanya, girmamawa ce. Fitila mai jin motsi tana haska malami da ɓarawo da tunkiya iri ɗaya, mai bin agogo kuwa an tsara ta ne ma don ta nuna da mutum a gidan da ba kowa. Haka kuma da kowane lungu ya samu nasa hasken, dalilin matsowa wuri guda ya kau. Amma ba daidai ba ne a ɗora wa ƙwan fitila mutuwar tatsuniya da hirar dare. Talabijin da finafinai sun fara wannan aikin, waya ta ƙarasa, kuma a gidan da babu fitilar zamani ko ɗaya za a tarar da kowa ya sunkuya a kan tasa wayar.

Launin hasken ma ya sauya. Harshen kananzir ja-ja ne mai laushi, tsohon ƙwai yana kusa da shi, wajen Kelbin 2,700 a ma'aunin launin haske. Yawancin fitilun LED masu araha kuwa fari ne fat mai ratsin shuɗi, wajen Kelbin 6,500, kuma masu saye sun fi son sa don ya fi kama da rana. Irin wannan hasken da dare yana danne sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci. A nan ƙwai mai karɓar umarni yana da abin yabo, domin ana iya sa shi ya koma ja-ja ya dusashe bayan isha'i, wato abin da dattawa ke yi da murɗa lagwani. Fitila mai jin motsi ita ma, da yake tana mutuwa idan ba kowa, tana barin tsakar gida da duhunsa fiye da babbar fitilar tsaro mai kwana a kunne, wadda ke dusashe taurari tana tara shinge da ƙwari a farkon damina.

Sauran batun gyara. Fitilar ƙwai takan yi shekaru a gida, a sauya lagwani, a sauya ƙwai, in tankin ya huje a kai wa mai liƙi ya toshe da dalma. Fitilar sola mai araha takan gaza bayan damina ɗaya ko biyu, yawanci ba don ƙwayoyin hasken sun mutu ba, sai don batirin ya gaji da zafi ko ruwa ya shiga akwatin. Masu gyaran rediyo da waya a kasuwanni sun koyi buɗe ta su sauya batirin litiyam ɗin, wasu ma sukan farfaɗo da ƙwan LED ta hanyar tsallake ƙwayar da ta ƙone. Ƙwai mai karɓar umarni kuwa a liƙe yake zuwa, in rediyonsa ko manhajarsa ta samu matsala ba mai taɓa shi. Fitilar sola da ta mutu bola take tafiya tare da batirinta, inda ake cinna wa shara wuta, kuma batirin litiyam fashewa yake yi a wuta. Shi ya sa masu saye da suka ƙware sukan juya fitilar su duba bayanta tun a shago, su ga ko da sukurori aka ɗaure ta ko da gam, sannan su tambayi kuɗi.